Kundin aiki: dawo da sautin Dinu Lipatti daga faifan garmaho

19 ga Maris, 2025

Yau shekara 108 ke nan da haihuwar Dinu Lipatti, bisa tsohuwar kalandar da Romaniya ke bi a lokacin, shi ya sa muka buɗe kundin da wannan rana. An haife shi a Bukarest, babban birnin Romaniya, a 1917, ya rasu a Janeba ta ƙasar Suwizalan ranar 2 ga Disamba, 1950, yana da shekara 33, bayan ya sha fama da cutar Hodgkin, wato sankarar kaluluwa. Niyyarmu ita ce kafin 2 ga Disambar bana, ranar da zai cika shekara 75 da rasuwa, mu gama kwafe faifansa na garmaho zuwa kwamfuta, a tsabtace, a kan gudun da ya dace, kowanne da takardar bayaninsa.

Ga wanda bai san shi ba: makaɗin fiyano ne wanda George Enescu, babban mai tsara kiɗa na Romaniya, ya tsaya masa a matsayin uban baftisma. Ya yi karatu a hannun Florica Musicescu da Mihail Jora. A gasar Biyana ta 1933 aka ba shi na biyu, abin ya ɓata wa Alfred Cortot rai har ya fice daga cikin alƙalan, daga baya kuma ya karɓe shi ɗalibi a Faris, inda ya ƙara da darasin Paul Dukas da Nadia Boulanger. A 1943 ya bar Romaniya tare da Madeleine Cantacuzene, wadda ta zama matarsa, ya zauna a Janeba yana koyarwa a makarantar kiɗa ta birnin.

Duk abin da ya naɗa a situdiyo bai wuce 'yan sa'o'i ba, kuma wannan ƙarancin ne ya sa kowane gefen faifai yake da daraja. Abin da ke hannunmu: konceton Grieg na 1947 da ƙungiyar makaɗa ta Philharmonia ƙarƙashin Alceo Galliera, faifai huɗu, konceton Schumann na 1948 da Herbert von Karajan, shi ma huɗu, sonata ta uku ta Chopin, faifai uku, sai ƙananan kiɗe-kiɗe na 1947 da 1948, da waɗanda aka ɗauka a Janeba a Yulin 1950. Konceto shi ne kiɗan da fiyano ke gaba, taron makaɗa na amsa mata. Ban da waɗannan akwai faifan LP, wato na roba mai dogon zango, na wasansa na ƙarshe a Besançon ta ƙasar Faransa, wanda za mu bari sai ƙarshe.

Sharaɗin da muka ɗora wa kanmu guda ne: abin da bai kaɗa ba ba za mu ƙara masa ba, abin da ya kaɗa kuma ba za mu goge ba don neman tsabta.

2 ga Afrilu

Wanki. Faifan 78, wato na garmaho mai zagayawa kusan sau 78 a minti, da shelak aka yi shi, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa, aka cakuɗa shi da garin dutse. Sinadarin wanke faifan LP da ake sayarwa a kwalba yawanci yana da giyar goge-goge a ciki, ita kuwa narkar da shelak take yi. Digo ɗaya ya isa ya bar tabo mai toka-toka da ba ya fita, sautin wurin kuma ya tafi ke nan. Don haka ruwan da aka tace ta hanyar tururi kawai muke amfani da shi, lita ɗaya da ɗigo biyu na sabulun ruwa marar turare. Ana shafawa da buroshi mai laushi, a bi da'irar tsagin faifan, ba a ratsa shi ba. A ɗauraye sau biyu da ruwa zalla, a tsane da ƙyalle marar gashi, a jingine a tsaye sa'a 24 kafin allura ta taɓa shi.

Kada a tsoma faifan cikin ruwa. Wasu bugun suna da takarda a tsakiyarsu, an manna siraran fatun shelak a kai. Ruwa na shiga ta baki takardar ta kumbura, fuskar ta ɗaye. Takardar tsakiya mai ɗauke da sunan faifan ma zubar da launi take yi, shi ya sa muke kifa mata murfin roba.

Biyu daga cikin faifan Schumann sun zo da farar ƙura mai kama da gari wadda ta manne a gindin tsagi. Wanki ɗaya bai fitar da ita ba, sai da aka maimaita sau uku, ana barin ruwan ya zauna minti biyu kawai kowane karo. An canza wa duka faifan riguna, domin tsofaffin na takarda su ne ke zubar da garin.

11 ga Afrilu

Zaɓen allura ya ci mana kwana tara, kuma bai yi yawa ba.

Tsagin faifan 78 ya ninka na LP faɗi kusan sau uku. Allurar LP bakinta maikuron 18 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), idan aka sa ta a nan sai ta faɗa can gindin tsagi tana sharar datti, a ji shuuu fiye da kiɗa. Muna da allurai huɗu na 78: maikuron 64, 71, 76 da 89. Dalilin tara su shi ne mutanen da suka mallaki faifan nan a da, da allurar ƙarfe suka saurare su, a garmahon da kansa ke danna faifai da nauyin da ya haura giram ɗari. Wannan allura tana cin bangon tsagi a wani zurfi guda. Aikinmu shi ne mu sami bakin da zai zauna sama da wurin da ya cinye, ko ƙasa da shi.

Yadda muke gwadawa: a zaɓi daƙiƙa talatin inda kiɗan ya fi ƙarfi, kusa da tsakiyar faifai, domin nan ne lalacewa ta fi bayyana. A ɗauka da kowace allura, nauyi giram 4, a jera a saurara ba tare da an san wacce ce ba. A Grieg, ta 76 ce ta yi nasara a gefe shida, amma gefen farko, inda tambura ke ruri fiyano ta faɗo daga sama da ƙarfi, yana tsatsa da ita. Ta 89 ta kawar da tsatsar kusan duka. Ba abin mamaki ba ne, gefen farko shi ne wanda kowa ke sa wa baƙo ya ji, shi ya fi shan allura.

Muna ɗauka da kan allura mai tashoshi biyu duk da cewa faifan tasha ɗaya ne. Amfaninsa, bangon hagu da na dama kowanne ya shiga nasa layin. Idan ɗaya ya fi cinyewa sai a ɗauki ɗayan, idan sun yi daidai a haɗe su, hayaniya ta ragu. Ana ajiyewa a 96,000 a daƙiƙa, bit 24, minti ɗaya yana cin megabait 35 ko kusa da haka.

28 ga Afrilu

Kuskuren lissafi. Saitin Schumann ɗinmu na injin da ke sauke faifai da kansa ne, don haka gefe na 1 bayansa na 8 ne, na 2 da na 7, na 3 da na 6, na 4 da na 5. An raɗa wa fayiloli suna kamar 1 da 2 ne a faifai guda. An gyara. Daga yau sunan fayil zai ɗauki lambar da aka tono a jikin shelak kusa da takardar tsakiya, ba lambar da ke kan takardar ba.

9 ga Mayu

A nan gizo ke saƙa: gudu.

Sunan "78" suna ne kawai. A ƙasashen da wutarsu ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, irin Ingila, ainihin gudun zagaye 77.92 ne a minti, a Amurka mai 60 kuma 78.26. Injin yankan faifai ma ba kullum yake tsayawa daidai ba. Idan gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, muryar fiyano tana hawa da sent 17, a lissafin da ke raba tazarar maɓalli da maƙwabcinsa gida ɗari. Kashi 6 cikin ɗari kuwa ya kai maɓalli guda cur. Ba murya kaɗai ke canzawa ba. Kiɗan yana ƙara sauri, sautin ya yi siriri, mutum ya fito kamar mai gaggawa. Ga makaɗi irin Lipatti, wanda rabin kyawunsa a natsuwar gudunsa yake, wannan ƙage ne.

Ma'auninmu sautin maɓallin A a kan 440 Hz, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa, wanda aka amince da shi a taron Landan na 1939. Konceton Grieg da na Schumann duka a kan A aka gina su, don haka ba a rasa dogon A da za a auna. Amma ba mu dogara da shi kaɗai ba, tunda mai gyaran fiyano na iya ɗaga ta kaɗan. Shaida ta biyu ita ce ƙugin wutar lantarki da ya shiga naɗin tun ranar da aka yi shi. Idan aka faɗaɗa hoton sautin ana ganinsa kamar zare a wajen 50 Hz. In zaren ya zauna a 50.4, to faifan na gudu da kusan kashi 0.8 fiye da kima. Sai a kula kada a ruɗe da ƙugin na'urarmu, wanda shi ba ya motsawa ko an canza gudun farantin. Ana aunawa a farkon gefe, da tsakiya, da ƙarshe, domin wasu gefen suna zamewa a hankali.

Matsala ta biyu ta fi wannan cin rai. Ramin tsakiya na faifai uku bai zauna a cibiya ba. Faifan yana zagayawa sau 1.3 a daƙiƙa, don haka muryar tana hawa tana sauka da wannan ƙidayar. Goge ko muryar mutum suna ɓoye irin wannan lilo saboda dama can suna da rawar murya. Fiyano ba ta da ita, sautinta a miƙe yake, ko kaɗan ya karkace kunne zai kama. Karkatar rabin milimita, a inda tsagi ke da nisan santimita 6 daga cibiya, tana ba da lilon sent 14 sama da ƙasa. A kashi na uku na sonatar Chopin, mai tafiya a hankali da dogayen sautuka, abin ya zama kamar ana kaɗawa a cikin kwalekwale.

Ba mu faɗaɗa ramin da wuƙa ba, shelak tsagewa yake. Mun ɗaga faifan a kan tabarmar roba mai kauri har ya wuce kan sandar tsakiya, sannan aka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa ana kallon hannun allura, har ya daina kai-komo. Gefe ɗaya yana cin minti goma zuwa ashirin. Kowane gefe nasa daban, domin an buga su da faranti biyu ne, ɗaya na iya zama daidai ɗayan a karkace.

20 ga Mayu

Shekara 90 da wasansa na farko a Faris, a 1935. Malaminsa Dukas ya rasu kwana uku kafin ranar, sai ya buɗe wasan da waƙar majami'a ta Bach da aka fi sani da Jesu, Joy of Man's Desiring, a tsarin da Myra Hess ta yi wa fiyano. Da ita ya fara, da ita kuma zai rufe a Besançon bayan shekara goma sha biyar. Yau muka kwafe ta.

Sau biyu ya naɗa ta aka fitar, a Landan a 1947 da Janeba a 1950, kuma ana yawan cakuɗa su a intanet. Lambar jikin shelak ce ke raba gardama. Faifan kamfanin Columbia mai inci 12 da aka yanka a Landan yana farawa da CAX, na Suwizalan yana da nasa haruffan daban.

Abin da za a saurara a cikinta shi ne hawa uku na sauti a lokaci guda. Akwai zaren da ke gudana uku-uku ba ya tsayawa, akwai takun ƙasa na hannun hagu, sannan waƙar kanta ta shigo a tsakiya, mafi yawa da manyan yatsu. Makaɗa da yawa idan waƙar ta shigo sai zaren ya yi tuntuɓe ko ya ja baya. A hannunsa zaren bai san ma an shigo ba, kuma waƙar tana da launin da ya bambanta, kamar wani mutum ne na biyu ya zauna a gefe. Idan kwafi ya kasa nuna wannan bambanci, kwafin ne ya gaza. Mun mai da wannan gefe ma'aunin duk wani gyara da za mu yi nan gaba.

14 ga Yuni

Daidaita kauri da siranta. Lokacin yanka faifai ana rage sautin ƙasa da gangan don kada allura ta tsallaka tsagin kusa, mai saurare kuma ya mayar da shi. Amfilifayar zamani tana bin ƙa'idar RIAA ta 1954, wato ta ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wadda ke ɗaga ƙasa daga 500 Hz, ta kuma danne sama da kusan desibel 14 a 10,000 Hz. Faifan Lipatti na 78 sun girme ta. Na kamfanin EMI na wancan zamani ɗagawarsu tana farawa ne a wajen 250 zuwa 300 Hz, saman kuma ba a taɓa shi. Wanda ya saurare su ta RIAA zai ji hannun hagu ya kumbura, na dama kuma kamar an lulluɓe fiyanon da bargo. Muna zargin wani ɓangare na sunan da ya yi na mai kiɗa a lallaɓe, daga irin wannan kwafi ya samo asali.

Saboda haka ɗaukarmu ta farko ba ta da wani gyara ko kaɗan, ita ce uwa, an ajiye ta a wuri biyu ba a taɓa ta. A kan kwafinta ne ake sa 300 Hz, a yanke abin da ke ƙasa da 30 Hz, wanda gurnanin injin ne ba kiɗa ba. Maɓallin fiyano mafi kauri yana kan 27.5 Hz, amma waɗannan faifan ba su kai can ba. A sama mun gwada yankewa a 6,000, da 8,000, da 10,000. Na 6,000 ya fi daɗin zama da shi, sai dai ya kashe ƙyallin hannun dama. Mun tsaya a gangara mai laushi daga 9,000, muka haƙura da sauran shuuu ɗin.

5 ga Yuli

Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Manhajar cire tas-tas tana neman duk sautin da ya tashi farat ɗaya ne ta share shi. Ita fiyano kuwa guduma ce ke dukan waya, kowane sauti nata da irin wannan tashin yake farawa. A Alborada del gracioso ta Ravel, wadda ya naɗa a 1948, akwai wurin da ake maimaita maɓalli guda da saurin da ya kusa fin ƙarfin ido, akwai kuma jan yatsu biyu a kan maɓallai a tare daga ƙasa zuwa sama. Da muka sa manhajar a matsakaicin ƙarfi, faifan ya fito fes, aka yi ta yabawa. Sai da aka saurari abin da ta cire shi kaɗai, aka ji kiɗan Ravel a ciki, ana iya bin ƙidayarsa da ƙafa. Kawunan sautukan ta yanke. An zubar da aikin gefe goma sha ɗaya da aka riga aka yi da wannan saiti.

Sabuwar ƙa'ida: manhaja a mafi ƙarancin ƙarfinta, kuma ba a karɓar gefe sai an saurari sharar da ta fitar daga farko har ƙarshe. In an ji kiɗa a cikin shara, a rage. Manyan ƙaraf da suka rage da hannu ake cire su, ɗaya bayan ɗaya, ana faɗaɗa hoton a gyara abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Gefe mai karce yana iya kaiwa ɗari biyu. Manhajar rage shuuu kuwa mun ajiye ta gaba ɗaya, saboda tana cin wutsiyar sauti, inda aikin feda yake, wato abin da ake takawa da ƙafa don sautin ya daɗe, ta bar wani ƙara kamar ruwa a bututu.

Wannan faifan na Ravel ya kamata duk mai cewa Lipatti makaɗin marasa lafiya ne ya fara ji. Labarin rasuwarsa ya rufe komai, har mutane suka ɗauka kullum a raunane yake kaɗawa. A nan akwai cizo, akwai izgili, akwai ƙarfin da allura ke kokawa da shi. Haka ma dogon wurin da fiyano ke kaɗawa ita kaɗai a kashin farko na Grieg.

30 ga Yuli

Haɗa gefe da gefe. Gefen faifai mai inci 12 yana ɗaukar minti huɗu zuwa huɗu da rabi, don haka makaɗan suna tsayawa ne a tsakiyar kiɗa, a sa sabon faranti, su ci gaba. Wani lokaci ana maimaita dunƙulen sautin ƙarshe a farkon gefe na gaba. Dole a buɗe rubutaccen kiɗan a ƙirga, kada a bar shi sau biyu, kada kuma a cinye hutun da mai tsarawa ya rubuta.

Abin da ke tona asirin haɗi ba lokaci ba ne, launi ne. A bakin faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da kusan santimita 118 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya ya koma wajen 45. Ƙarshen gefe ya dushe ke nan, farkon na gaba ya zo da haske kamar an buɗe taga. Muna ɗaga saman a hankali cikin daƙiƙa arba'in na ƙarshen gefe, desibel biyu ko uku, mu ɗan sassauta farkon na gaba, sannan a lulluɓa su da juna na kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. Grieg ya kammala. Haɗi ɗaya a Schumann har yanzu yana jin kunne.

23 ga Agusta

A irin wannan rana a 1950 ya kaɗa konceto na 21 na Mozart da Karajan a Lucerne, rediyo ta ɗauka. Ba mu da shi a faifai na asali, za mu ambace shi a takardar bayani kawai.

An kawo mana aron wani LP na konceto na farko na Chopin da sunan Lipatti a jiki. Mun mayar ba mu kwafa ba, ga dalili. A shekarun 1960 EMI ta fitar da wani naɗi na wannan konceto a matsayin nasa, aka yi shekaru ana yabon sa, masana suna nuna alamun hannunsa a ciki. A 1981 ta bayyana cewa mai kaɗawar Halina Czerny-Stefańska ce, 'yar Folan, ɗaya daga cikin biyun da suka raba lambar farko a gasar Chopin ta 1949, tare da ƙungiyar Philharmonic ta Cek ƙarƙashin Václav Smetáček. Daga baya aka sami na gaskiya, wanda ya kaɗa a Zurik a 1950 da Otto Ackermann, sautinsa bai kai na wancan kyau ba.

Gwajin ba wuya. A ɗora fayil biyu ɗaya bisa ɗaya, a daidaita gudunsu, a haɗa sautin farko. Makaɗa biyu, ko makaɗi ɗaya a rana biyu, ba sa wuce 'yan daƙiƙu ba su rabu ba. Idan aka yi minti biyar suna tafe kafaɗa da kafaɗa, naɗi ɗaya ne. Faifan aron ya bi na Czerny-Stefańska taku da taku. Kiɗa ne mai kyau ƙwarai, kuma nata ne.

16 ga Satumba

Besançon, shekara 75 cif.

A Yulin 1950 maganin kotizon, wanda sabo ne a lokacin kuma mai tsada, ya ba shi 'yan makonni na ƙarfi. Walter Legge na EMI ya je Janeba, cikin kwanaki kaɗan aka naɗi Partita ta farko ta Bach, da sonata K.310 ta Mozart, da wals goma sha huɗu na Chopin, wato kiɗan rawa mai ƙidaya uku-uku, waɗanda ya jera a tsarin kansa ba bisa lambobinsu ba. Zuwa Satumba ƙarfin ya tafi. Likita ya so ya fasa wasan, bai fasa ba. Ya kaɗa Partita ɗin, da sonatar Mozart, da impromptu biyu na Schubert, sannan ya shiga wals. Ya kawo goma sha uku, ya kasa na ƙarshe, wato Op. 34 lamba 1. Ya fita, ya dawo ya kaɗa waƙar Bach ɗin nan ta Myra Hess. Bai sake hawa dandali ba. Rediyon Faransa ta ɗauki wasan, aka fitar da shi bayan rasuwarsa, amma waƙar rufewar ba ta cikin naɗin.

A ɓangaren aiki wannan ya fi na 78 sauƙi. Faifan roba ne, gudu 33 da sulusi, allura maikuron 25 wadda ta dace da LP mai tasha ɗaya, nauyi giram 2. Wahalar a shawara take. An kawo ra'ayin a ɗauko wals ɗin da ya rage daga naɗin Yuli a liƙa, a bi shi da waƙar Bach ta situdiyo, don mai saurare ya sami wasan a cike. Ta fuskar na'ura abu ne na rabin sa'a. Ba za a yi ba. Ɗakin ba ɗaya ba ne, fiyanon ba ɗaya ba ce, kuma mutumin Yuli ba shi ne na Satumba ba. Bayan wals na goma sha uku za a bar tafi ya ƙare da kansa, fayil ya tsaya. Naɗin Yuli yana nan a nasa babin ga mai so.

Haka kuma ba za a yanke 'yan sautukan da yake yi kafin ya fara kiɗa ba, inda yake bin maɓallai daga ƙasa zuwa sama yana jin fiyanon da ɗakin. Wasu bugun sun cire su. Tsohuwar al'ada ce ta makaɗa wadda ta kusa ɓacewa, kuma a nan ne kaɗai ake jin sa yana yin ta. Tari da motsin kujeru ma sun zauna. A mako na bakwai na aikin tas-tas mun koyi cewa manhaja ba ta bambanta tafi da karce, don haka wuraren tafi da hannu aka bi su.

Wanda zai kwatanta Mozart na Yuli da na Satumba, ya saurari kashin tsakiya. Ba za a ji rauni a yatsun ba, abin da ke ba mutane mamaki ke nan.

6 ga Oktoba

Inda aka kwana: Grieg, sonatar Chopin, Ravel, Barcarolle ta Chopin da Besançon sun gama, an saurare su a lasifika manya da ƙaramar waya, domin yawancin masu ji ta waya za su ji. Saura wals shida na Janeba da ke jiran cire ƙaraf da hannu, da haɗin nan na Schumann tsakanin gefe na 5 da na 6, inda muka gano gudun gefen biyu ya bambanta da kashi 0.3 cikin ɗari, sent biyar ke nan, kuma a kan dogon sauti haɗin ya faɗo. Za a sake ɗaukar gefe na 6 da allura ta 71.

Faifai ɗaya na Scarlatti yana da tsaga daga baki, santimita biyu, tana ba da ƙaraf sau ɗaya a kowane zagaye na daƙiƙa ashirin ɗin farko. An riƙe bakin da tef ta gefen da ba tsagi, an ɗora shi a kan tabarma mai laushi, za a ɗauka sau ɗaya tak a nauyi giram 3. Takardun bayani an rubuta bakwai. Na 1937, wals ɗin Brahms da suka kaɗa da Nadia Boulanger a fiyano guda, har yanzu ana neman kwafin da za a ara kafin tsakiyar Nuwamba.